Wasan maki ko wasan sada zumunci? Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan ches

Salam 'yan'uwa. Jiya da daddare wani ɗan'uwa ya tambaya a nan cewa ya kai wata uku yana buga ches a waya amma kullum wanda ba a lissafa maki yake zaɓa, don duk lokacin da ya shiga na maki gabansa faɗuwa yake, yana so ya san wai wanne ya fi, kuma ko yana cutar kansa ne. Toh malam na daɗe ina son wani ya taɓo wannan maganar, don ni ma na sha wannan ruwan.

Bari mu fara da makin kansa, don rabin tsoron nan daga rashin sanin mene ne shi yake fitowa. Wani malamin fiziks ɗan asalin Hangari da ya zauna a Amurka, Arpad Elo, shi ya tsara lissafin, hukumar ches ta Amurka ta karɓa a 1960, FIDE ta duniya ta bi a 1970. Abin da lissafin yake cewa kawai shi ne idan ka fi mutum da maki 200, a wasa 100 ana sa ran ka kwashe kamar 76 na sakamakon, idan ka fi shi da 400 kuwa kusan 91 ne. Hasashe ne kawai na wa zai ci wa. Lichess da Chess.com, wato shafukan da ake buga ches a intanet, ba ma ainihin na Elo suke amfani da shi ba, na Mark Glickman ne mai suna Glicko, wanda ya ƙara wani abu a kai: yana auna yadda ya tabbata da makin naka. Shi ya sa sabon akawun a Lichess yake farawa da 1500 da alamar tambaya a gefe, wasa ɗaya sai ya ɗaga ka ko ya sauke ka da maki sama da 100, amma da ka yi wasanni da yawa alamar ta tafi, sai ka ga idan ka buga da sa'anka abin da ke motsi yawanci bai kai 10 ba.

Amfanin wannan lamba na farko, kuma wallahi shi ne babba, shi ne ta nemo maka daidai da kai. Kana 1100 a haɗa ka da mai 1080 ko 1150, mutumin da zai yi irin kuskuren da kake yi, ya kuma hukunta ka a kan irin wanda ya kamata ka daina. A nan ake koyo. A ɓangaren da ba maki kuwa, wanda Lichess ke kira kajuwal, kamar ka je dandalin dambe ne ba a raba ajin 'yan wasa ba, yanzu ka samu wanda bai san yadda doki ke tafiya ba, anjima ka faɗa hannun wani wanda zai gama da kai a motsi 18 ba ka ma gane inda aka kama ka ba. Na farkon bai koya maka komai ba, na biyun ma kusan haka, don tazarar ta yi yawa.

Sai kuma maganar yadda abokin wasan ya ɗauki abin. A wasan maki mutum yana da abin da zai rasa, ko an ci masa ruk, wato babban ɗan wasan nan mai siffar hasumiya, zai zauna ya yi ta kare kansa har ƙarshe, kai kuma dole ka koyi yadda ake kammala wasan da ka riga ka samu galaba, wanda shi ne abin da ya fi ba mu wahala mu masu tasowa. A kajuwal sau nawa na ci wa mutum doki ɗaya a motsi na goma kawai ya fice ya bar ni ina kallon allo, ko ya fito da sarauniya tun motsi na biyu yana ta yawo da ita don shi nishaɗi ya zo yi. Ba laifinsa ba ne, wurin na haka ne. Amma idan duk wasanninka irin waɗannan ne, yaushe za ka taɓa ganin ƙarshen wasa na gaske, sarki da sojoji uku-uku, agogo saura sakan 40, hannunka na rawa? Wannan rawar hannun da kake gudu ita ma ana koyon zama da ita, kuma sai a wasan maki ake samunta.

Ni abin da ya same ni, akwai lokacin da na kai 1496 a rafid ɗin Lichess, wato irin wasan minti 10 ɗin nan, maki huɗu ya rage in koma 1500 da na fara da ita aka sauko da ni. Sai na daina shiga na maki gaba ɗaya. Kusan sati biyu kullum bayan isha'i in buɗe waya in kalli lambar nan in ji daɗi, in koma kajuwal in yi ta bugawa, ina gaya wa kaina wai shiri nake. Ranar da na daure na koma, wasa uku a jere aka ci ni, kuma duk ukun abu ɗaya ne ya kashe ni, na saba da sakaci, ina tura kaya ba na duba me abokin wasa yake nufi, saboda sati biyu ba wanda ya hukunta ni a kan haka. Abin ya yi min ciwo sosai, ba don makin ba, don na ga da idona na koma baya a daidai lokacin da nake zaton ina tattali.

Amma kar ka ɗauka ina cewa kajuwal ba shi da amfani, yana da shi sosai, sai dai akwai wurarensa.

Na farko mu nan kowa ya san shi: netwok da wuta. Kana cikin mota a hanya, sabis na zuwa yana tafiya, ko caji saura kashi 4 kuma an ɗauke wuta, don Allah kar ka shiga na maki. Idan ka yanke, agogonka ci gaba yake da tafiya, kuma bayan ɗan lokaci abokin wasan zai iya karɓar nasara ko da kai ne kake gaba da sarauniya guda. Irin wannan rashin ba ya nuna ƙarfinka ba ya nuna rauninka, ɓata lissafin kawai yake. Haka idan barci ya fara ɗaukarka, ko an ci ka biyu a jere ranka ya ɓaci kana jin sai ka rama, wannan lokacin ne mutane ke zubar da maki 80 a zama ɗaya. In dai dole sai ka buga, koma kajuwal ka huce a can.

Na biyu, wasa da wanda ka sani, musamman in akwai tazara. Ina koya wa ɗan yayata, yaro ne ɗan aji biyu a sakandare, duk wasanmu kajuwal ne, saboda a Lichess akwai damar neman a maido motsi baya, kuma a saituna za ka iya barin wannan damar ga wasan kajuwal kaɗai. Ranar nan na jera masa bishof, wato ɗan wasan da ke tafiya a karkace, a c4 da sarauniya a h5 (waɗannan sunayen gidajen allo ne), ya tura dokinsa f6 yana murna zai kori sarauniya, bai ga zan ci sojansa na f7 in gama wasan ba. Na ce masa tsaya, duba wa ke kallon sojan da ke gefen sarkinka. Ya yi shiru ya kai minti ɗaya, sai ya ce kawu maido min, na maido, ya tura soja g6 ya tare wa sarauniya hanya. Tun daga ranar ban sake kama shi da wannan tarkon ba. Da a na maki ne, in na cinye shi ɗan abin da zan samu bai taka kara ya karya ba, in kuma na bar shi ya ci da gangan na shiga laifi, don faɗuwa da gangan a wasan maki doka ta hana a shafukan biyu, suna iya rufe akawun a kai. Haka ma aboki da aboki, sau da yawa maki yana shigo da wani ɗaci da bai kamata ya shiga tsakani ba.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi ambata, gwada sabon buɗi, wato tsarin motsin da ake fara wasa da shi. A nan ra'ayina ya ɗan bambanta da na wasu. Eh, idan yau ka fara ganin abu kamar gambit ɗin sarki, buɗin da ake sadaukar da soja tun farko, e4 e5 sai f4, ka yi wasa biyar ko goma a kajuwal don hannunka ya saba da inda kaya ke zama, wannan daidai ne. Amma ba za ka san ko buɗin ya karɓe ka ba sai ka kai shi gaban sa'anninka masu neman cinka da gaske. Za ka zubar da maki 30 ko 40 a farko, su dawo in buɗin ya zauna. Kuma ka tuna kowane irin agogo da makinsa daban, bulet mai tsananin sauri daban, bilits na 'yan mintuna daban, rafid daban, don haka ni a bilits nake gwaje-gwajena in bar rafid a matsayin inda nake zama in yi tunani sosai.

Wani abu da ke ɓangaren na maki wanda ba a cika faɗa ba: idan wanda ya ci ka aka gano injin, wato manhajar kwamfuta mai gaya masa motsi, yake amfani da shi aka rufe shi, shafukan biyu suna maido maka makin da ya ci maka. Kenan tsoron masu maguɗi ma bai isa ya kore ka ba. Sannan kar ka haɗa lambar Lichess da ta Chess.com ka tayar da hankalinka, ma'auninsu ba ɗaya ba ne, a matakinmu na ƙasa ta Lichess ta kan fi yawa, mutum ɗaya sai ka gan shi da lambobi biyu masu nisa da juna.

Yanzu ga matsalarka kai tsaye malam, tunda ka ce faɗuwar gaba ce. Maganinta ba guduwa kajuwal ba ne, ɓoye lambar ne. A Lichess ka shiga saituna, akwai inda za ka kashe nuna maki gaba ɗaya, ba za ka ga naka ba ba za ka ga na abokin wasa ba, amma a bayan fage lissafin na tafiya ana ci gaba da haɗa ka da sa'anninka. Akwai kuma yanayin Zen da ke ɓoye komai lokacin wasa sai allo da agogo, a kwamfuta harafin z kawai za ka danna. Ni da na kunna wannan na yi wata guda ban san nawa nake ba, kuma a watan ne na fara lura ina kallon allo maimakon kallon lambar mutum in tsorata tun kafin a fara.

Abin da zan ce ka yi daga yau, wasa biyu na maki a rana, 10+0, wato minti 10 ba ƙari, ko ma 15+10, wato minti 15 da ƙarin sakan 10 a kowane motsi, in kana da lokaci, a inda sabis ke da ƙarfi, lamba a ɓoye, in ka gama kowanne ka buɗe nazarin wasan ka nemo motsi ɗaya da ya juya shi. Sauran lokacin ka yi kajuwal ɗinka yadda kake so. Bayan sati biyu ka turo mana wasa ɗaya da aka ci ka a nan mu duba tare, ni zan fara dubawa in sha Allah.