Sharhi kan gidan jinyar tsofaffin da mahaifiyata take a Ingila

Idan a taƙaice ake so, gidan yana da kyau ƙwarai daga Litinin zuwa Juma'a da rana, da dare ba laifi, a ƙarshen mako kuwa sai mutum ya sa ido. Ba zan ambaci sunansa ba. Yana wani gari ne a gefen Manchester, bene hawa biyu, saman na masu ciwon mantuwa, ƙasan na waɗanda jiki ya kayar amma hankalinsu na nan.

Hajiyarmu ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, bayan dama mantuwa ta fara kama ta. Haɗiyar ruwa ta zama haɗari sai an kaurara mata shi, juya ta a gado kuma sai mutum biyu da na'urar ɗagawa. Na san abin da wasu za su ce kan kai uwa gidan tsofaffi, an riga an faɗa mini ta waya daga Kano, har da kuka. Wanda ya taɓa ɗaga babban mutum shi kaɗai da ƙarfe ukun dare, gari ya waye ya tafi aiki, shi zan zauna in saurara. Abin da zai amfani mai karatu shi ne ya sani gidajen nan iri biyu ne. Akwai wanda ake taimaka wa tsoho da wanka da abinci da sa tufafi kawai, akwai kuma na jinya, wanda dole a samu nas mai rajista a cikinsa dare da rana. Na biyun ne namu, kuma shi ya fi tsada.

Abu na farko da za ka gani a bakin ƙofa shi ne takardar CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci da gidajen kula da mutane a Ingila tun 2009. Doka ce ta tilasta a manna ta. Tana nuna matakin da hukumar ta ba gidan, kuma matakai huɗu ne: tauraro ga wanda ya yi fice, kore ga mai kyau, ruwan ɗorawa ga mai buƙatar gyara, ja ga wanda ya gaza. Suna duba abu biyar, wato aminci, ingancin aiki, tausayi, biyan buƙatar kowa yadda take, da shugabanci. Namu kore ne a duka biyar ɗin. Sai dai da na buɗe cikakken rahoton a shafin hukumar, na ga an yi shi ne shekaru da dama baya, zamanin wata manaja da ta daɗe da barin aiki. Takardar nan kamar hoton ranar biki take, gaskiya ce, amma ta wannan ranar. Kuma ba ni kaɗai ke faɗin haka ba. A 2024 binciken da Dokta Penny Dash ta jagoranta ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su mataki ba, wasu kuma an shafe shekaru ba a koma ba, har sakataren lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya fito ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa. Tun kafin nan ma, gidan Orchid View da ke West Sussex yana da shaidar mai kyau a 2010, amma a 2013 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa sakaci na da hannu a rasuwar mutum 5 a cikinsa. Don haka a karanta rahoton, amma a fara duba kwanan watansa.

Inda gidan ya burge ni shi ne harkar magani da haɗiya. Kowane ƙwaya da aka ba Hajiya akwai sa hannu a kansa, idan ta ƙi sha a rubuta cewa ta ƙi, ba a ɓoye shi cikin abinci sai likita da mai haɗa magani sun amince an kuma sanar da mu. Ƙwararriyar da ke duba haɗiya ta ƙayyade kaurin ruwan da za ta sha da laushin abincinta bisa wani ma'auni mai lamba daga 0 zuwa 7, an rubuta lambobin a ɗakinta da kicin. Na taɓa kawo mata kunun gyaɗa daga gida, nas ta tsayar da ni, ta ɗebo a cokali ta gwada kaurinsa kafin ta ce bismillah a ba ta. Na ji haushi a lokacin, amma shaƙewar da ke kai abinci cikin huhu tana kashe masu irin wannan ciwo, saboda haka da gaskiyarta. Ƙofofin gobara suna rufe kansu idan ƙararrawa ta kaɗa, ana gwada ta duk mako, kuma kowane mazauni yana da takardar yadda za a fitar da shi idan wuta ta tashi. Gidan ba ya wari, wanda duk wanda ya zaga irin waɗannan wurare ya san ba ƙaramin yabo ba ne.

Matsalar tana farawa ne daga yammacin Juma'a. Ma'aikatan dindindin suna raguwa, a cike gurbinsu da na haya daga kamfanonin samar da ma'aikata, mutanen da wani lokaci ranar ce ta farko da suka taka gidan. Ba mugaye ba ne, ba su san mutanen ba ne kawai. Wata safiyar Litinin muna canza wa Hajiya zani na ga fatar ƙugunta ta yi duhu, wurin ya yi ɗumi ya kuma taurara. A baƙar fata farkon gyambon kwanciya ba ya yin ja yadda littattafansu suka saba nunawa, shi ya sa ake yawan wuce shi. Na nemi takardar juyi, wadda ake rubuta duk lokacin da aka juya ta. Daren Asabar da na Lahadi a cike suke tsaf, babu gurbi ko ɗaya, amma biro ɗaya, hannu ɗaya, kowane lokaci ya faɗa daidai kan awa babu ko minti ɗaya sama ko ƙasa. Takardun sauran kwanaki ba haka suke ba, za ka ga 2:10, ka ga 4:25, hannu daban-daban. Wannan an zauna ne an cike shi gaba ɗaya da asuba.

Yadda manajar ta karɓi maganar shi ne dalilin da ya sa ban ɗauke Hajiya daga gidan ba. Ba ta yi musu ba, ba ta ce mini fatar tsofaffi dama haka take ba. Ta ɗauki hoton wurin, ta kira nas ɗin da ta ƙware kan gyambo daga NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, aka canza katifa zuwa mai iska a ranar, ita da kanta ta kai rahoto sashen kare masu rauni na ƙaramar hukuma, wanda dokar kula da mutane ta 2014 ta ɗora wa alhakin bincike. Ta rubuto mana wasiƙa ta ba da haƙuri. Fatar ba ta fashe ba, ta warware. Bayan haka suka koma rubuta juyi a waya, inda lokacin ke shiga da kansa.

Amma tushen abin yana nan. Na tambaye ta mutum nawa ke aikin dare a saman bene, ta faɗa mini, na ce ai sun yi kaɗan. Ta ce dokar Ingila ba ta ƙayyade adadi ba, cewa kawai ta yi a samu isassun ma'aikata, kowane gida kuma shi ke auna isarsa. Na duba, haka ne. Yawancin masu ɗawainiyar baƙi ne daga Najeriya da Indiya da Zimbabuwe da Gana, waɗanda suka shigo bayan an buɗe musu biza a 2022. A Maris 2024 aka hana su zuwa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Ban ga alamar ƙarshen mako zai yi sauƙi nan kusa ba.

Ta fuskar addini sai da muka yi magana kafin abubuwa su daidaita, amma sun saurara. An rubuta a tsarin kulawarta cewa mace ce kaɗai za ta yi mata wanka da tsarki, kuma ban taɓa ganin an karya wannan ba, ko a daren da suka yi ƙaranci. Naman halal daskararre suke saye daga waje, ɗanɗanonsa sai a hankali, don haka miya daga gida nake kawowa a niƙa mata. Sun koyi juya kujerarta ta fuskanci alƙibla. Babban abin shi ne harshe. Mantuwa ta kwashe Turancin da Hajiya ta koya da girma, ta bar mata Hausa zalla, har wasu ma'aikata suka rubuta cewa ba ta magana. Sai aka dace da wata 'yar zangon Kumasi cikin masu aikin safe. Da ta shiga ta ce, "Mama, ina kwana, an tashi lafiya?" sai Hajiya ta ɗago ta ce, "Lafiya lau 'yar nan, ina mutan gidan?" Ita ce ta gano cewa ƙin cin abincin da ake ta rubutawa ciwon haƙori ne. Mun rubuta musu kalmomi kamar ruwa, zafi, sanyi, fitsari da yadda ake furta su, an manna a bango. Sa'a ce ta kawo wannan baiwar Allah, ba tsarin gidan ba, kuma ranar hutunta ana jin bambanci.

Kuɗi kuwa ya haura fam 1,000 a mako nesa ba kusa ba. A Ingila wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi zai biya wa kansa, kuma ana iya lissafa gidansa a ciki idan ba miji ko mata ke zaune a gidan ba. NHS tana biyan wani kaso kai tsaye ga gidan saboda aikin nas, wanda aka sa fam 254.06 a mako a Afrilun 2025. Akwai kuma tsarin da NHS ke ɗaukar kuɗin gaba ɗaya ga wanda buƙatarsa ta lafiya ta yi tsanani, sai dai samunsa da wuya, kuma ba kowa zai tuna maka ka nema ba. Gyaran gashi da yankan farcen ƙafa kuɗinsu daban ne, a karanta yarjejeniya da kyau.

Zan iya ba wani shawarar ya kawo nasa gidan nan, da sharaɗin yana da wanda zai riƙa leƙowa ba tare da sanarwa ba. Tun Afrilun 2024 ba da damar ziyara ya shiga cikin ƙa'idojin da CQC ke bin diddigi, don haka ba alfarma ake yi maka ba. Kafin ka sa hannu, je ranar Lahadi da yamma, ka tambayi mutum nawa cikin masu aikin ranar na haya ne, ka tambayi shekara nawa manaja ta yi a wurin, ka tsaya a baranda ka ji tsawon lokacin da ƙararrawar kira ke yi kafin wani ya amsa. Idan kun yi saɓani da gida bai warware ba, CQC ba ta sasanta ƙorafin mutum ɗaya, tana karɓar bayani ne kawai. Wurin zuwa shi ne ofishin Ombudsman, mai binciken ƙorafin jama'a kan ƙananan hukumomi da harkar kula da mutane, kuma yana karɓar ƙorafin waɗanda ke biya da kuɗinsu ma.