Sojojin sun yi kyau, amma ina ayarin da ke bin su?

Akwatunan da na saya na ƙananan sojojin roba ne masu tsawon milimita 28, na zamanin Yaƙin Shekara Talatin da aka yi a Turai daga 1618 zuwa 1648. Wani kamfanin Ingila ne ya ƙera su. Ga wanda bai san wannan sha'awa ba: sojojin suna zuwa gunduwa-gunduwa, kai daban, hannu daban, kai ne za ka yanke, ka haɗa da gam, ka yi fenti, sannan ka jera su a kan tebur ku fafata da abokin wasa da ma'auni da ƙwayar ludo, bisa dokokin da aka rubuta.

Aikin ƙirar ya burge ni. Masu dogon mashi sun tsaya yadda ya kamata, mashin ya ninka tsawon mai riƙe da shi fiye da sau biyu, kamar na gaske da yake kaiwa mita biyar. 'Yan bindiga suna rataye da ɗamarar fata mai ƙananan batta na itace, kowace da albarushin harbi ɗaya, ga sandar da ake ɗora bakin bindiga a kai saboda nauyi, ga igiyar lagwani a tsakanin yatsu. Robar tana yankuwa ba gardama, tana kuma kama fenti. Fuskokin ma ba iri ɗaya ba ne. Na yi wa rabi fenti a matsayin rundunar Gustavus Adolphus, sarkin Suwidin, na manna musu koren ganye a hula kamar yadda suka yi a yaƙin Breitenfeld a 1631 don su gane juna, sauran kuma na ɗaura musu jan ƙyalle na sojojin abokin gabarsa, sarkin gidan sarautar Habsburg. A kan inganci da farashi ba ni da ƙorafi. Duk mai son farawa, ya fara da irin waɗannan.

Sai da na gama jera su ne na ga abin da babu. Kowa a kan teburin ƙato ne, a ƙoshe, da takalmi ƙafa biyu, da riga ba faci. Rundunar wancan zamani ba haka take tafiya ba. Bayan kowace runduna akwai ayari: matan sojoji da 'ya'yansu, masu sayar da abinci da abin sha, masu wanki, yaran da ke kiwon dawaki, maƙera, wanzamai masu cire harsashi da yanke ƙafa, da keken doki jere-jere ɗauke da burodi da albarushi da ganima. Sau da yawa mutanen ayarin sun kai yawan masu ɗaukar makami, wani lokaci ma su fi su. Sojan haya ba shi da bariki, ba shi da asibiti. Matarsa ce ke nemo abinci, ita ce ke jinyarsa. Peter Hagendorf, wani sojan haya da ya bar rubutaccen tarihin tafiyarsa, an harbe shi ranar da aka ci garin Magdeburg na Jamus a 1631, yana kwance a bukka matarsa ta shiga garin yana cin wuta ta ɗebo shimfiɗa da tulun giya don a yi masa jinya. Ina son in ga wannan matar a cikin akwati, da ƙunshi a ka da yaro a hannu, kamar yadda nake ganin mijinta.

Wannan shi ne abu na farko da nake roƙon masu ƙira: cikakken akwatin roba na ayari. Ana samun ɗaiɗaiku na ƙarfe nan da can, mace guda mai tulu, keke guda, limamin coci, amma kafin ka tara abin da zai yi kama da ayari kuɗin ya wuce na rundunar kanta, balle ga mu da sai an aiko mana daga ƙetare, nauyin ƙarfe kuma kuɗi ne. Da an yi keken da za a iya canza masa kaya, da alfadarai, da jikkuna na mata da yara da tsofaffi masu hannuwa iri-iri, da wasan kansa ya canza. Za a sami abin da za a kare da abin da za a kai wa farmaki. A Lützen a 1632, inda Gustavus ya mutu, mahayan Kuroshiya na ɓangaren Habsburg sun zaga ta gefe sun nufi kayan Suwidin. Ta yaya za ka buga wannan ba kayan a kan tebur?

Na biyu, masu haƙa. Manyan gwabzawa a fili ba su da yawa a wancan ƙarni, ƙawanya ce ta fi cin lokaci da rayuka. An yi wa garin Ostend ƙawanya daga 1601 zuwa 1604. Spinola, kwamandan rundunar Sifaniya, ya zauna wa garin Breda daga 1624 har ta miƙa wuya a 1625, kuma yunwa ce ta ci ta. Aikin na shebur ne da diga, da manyan kwanduna da ake cika da ƙasa a jera su zama garkuwa ga igwa, da manoman da ake tilasta wa haƙa rami. Hannuwa masu riƙe da shebur, da jiki a sunkuye, da kwandunan nan, abu ne da zai shiga akwati guda ba tare da wahala ba.

Sai sojan da yaƙi ya cinye. A 1632 rundunonin Gustavus da Wallenstein, kwamandan ɓangaren Habsburg, sun yi makonni suna kallon juna a kusa da Nuremberg, cuta da yunwa suka kashe dubbai. Kawuna masu ramammen kumatu, ƙafa ɗaure da tsumma, bargo a maimakon riga: ƙaramin ƙari ne, amma da shi runduna za ta yi kama da wadda ta sha hanya. Ni dai na gwada da wuƙa da ƙullin gyaran roba, na yayyaga wasu riguna, sakamakon bai yi muni ba, sai dai hannun gwani daban ne.

Akwai kuma buri guda da ya fi kusa da zuciyata. Waɗannan 'yan bindiga na Turai ba a Turai kaɗai suka yi yaƙi ba. A 1578 Sebastian, sarkin Fotugal, ya tsallaka Maroko da sojojin haya daga Jamus da Italiya, aka murƙushe su a Wadi al-Makhazin, shi ma can ya mutu. Ahmad al-Mansur da ya hau gadon sarautar Maroko ranar, shi ne ya aiko Judar Pasha, haifaffen Sifaniya, ya ƙetare Sahara da 'yan bindiga da dubban raƙuma, ya karya rundunar Askiya Ishaq na biyu, sarkin Songhai, a Tondibi kusa da Gao a 1591. Mutanen Songhai sun koro garken shanu don su tarwatsa sahun, ƙarar bindiga ta juyo da shanun kansu. Da ɗan gyara, akwatin da nake da shi zai ba ni ɓangaren Fotugal. Abokan karawarsu ne nake nema a roba: mahayan Maroko, 'yan bindigar Andalus, baraden Songhai da maharbansu, da raƙuman da suka ɗauko ruwa da albarushi tun daga Marrakesh. Idan aka ƙara doki mai lifidi, da shi za a iya buga yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma na Borno, wanda shi ma a wancan ƙarni yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar.

Zan ƙara sayen akwatin mahaya na wannan kamfani, don na dakarun ya biya kuɗinsa. Idan kuma za su fitar da sabon abu guda ɗaya tak, keken kaya da mutanensa nake so kafin komai.