ELM327 a jikin tsohuwar Corolla mai misin: iya inda take kai mutum

Na'urar ELM327 mai Bluetooth, mai karanto lambobin matsala daga ƙwaƙwalwar mota zuwa waya, 'yar shuɗiyar nan da ba ta fi kwalin ashana ba, na gwada ta a Toyota Corolla 2005 mai injin 1ZZ-FE, wadda ke rawa a silo, tana shaƙewa in an taka totur a hawa. Ta ci kuɗinta, amma ga wanda zai ɗauki sifana ya bi sawun abin da ta faɗa.

Ana soka ta a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, a haɗa ta da waya (lambar haɗawar yawanci 1234 ce ko 0000), sai a buɗe manhajar Torque ko Car Scanner. Sharaɗin shi ne motar ta zama mai OBD2, tsarin bai-ɗaya na karanta matsalar mota: 'yan Amurka daga 1996, 'yan Turai masu fetur daga 2001. Mai Golf 3 ta Turai kada ya ɓata kuɗinsa.

Lambar da ta bayar ita ce P0302, wato silinda ta biyu tana fashin wuta. A nan mutane ke yin asara, domin suna ganin lambar sai su sayo fulogi huɗu da kwayil huɗu. Na'urar ta nuna ɗakin da ɓarawon yake ne kawai, ba ta kama shi ba. Kowace silinda a wannan injin da kwayil ɗinta, noti ɗaya mai lamba 10 ke riƙe da shi. Ana fara ƙirga daga ɓangaren bel. A musanya kwayil na biyu da na uku, a goge lambar, a zaga da motar kamar minti goma sha biyar. In ta dawo P0303, laifin ya bi kwayil. In ta tsaya a P0302, a yi wa fulogi irin wannan musayar, sannan nozul. Duk suka wanke kansu, sai a auna ƙarfin matsin silinda, wanda bai kamata ya gaza 145 psi ba.

A wannan motar lambar ta bi kwayil, amma da aka zaro shi, robar bakinsa ta kumbura, jiƙe sharkaf da baƙin mai, ga wani siririn layi baƙi a jikin farin fulogin inda wuta ke zurarewa. Gasket ɗin murfin saman injin ne ya bushe yana zubar da mai cikin ramin fulogi. Da sabon kwayil kawai aka saka, da an sake dawowa. Babu na'urar da za ta gano wannan, sai ido. Haka ruwa ke yi in an wanke injin da famfo mai ƙarfi. 

Abin da ya fi burge ni shi ne karatun da take nunawa injin na aiki, musamman LTFT, ƙarin man da ƙwaƙwalwar mota ke yi don daidaita iska. In ya haura +10% a silo amma ya sauka da an ba ta wuta, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma gasket ɗin manifol, bututun da ke kai iska cikin injin, ya yi suna da wannan a Corolla ta waɗannan shekarun. In ya ƙaru ne da gudu, a duba famfon mai da sensar MAF mai auna iskar da ke shiga injin, wadda ƙurar hunturu ke dusashewa. Irin wannan kan zo da P0171 (iska ta fi mai yawa), wani lokaci tare da P0300 (fashin wuta da bai tsaya a silinda ɗaya ba).

Ta fuskar wayoyin wutar mota kuwa, ba ta maye gurbin mitar rewaya. Volt ɗin da take nunawa na iya kaucewa kaɗan. Da mita ake tabbatar da 12.6 a batir in mota na kashe, da 13.5 zuwa 14.5 in tana aiki. A ɗora ɗaya daga bakunan mitar a kan negatif na batir, ɗaya a jikin injin, a yi sitata: in karatun ya kai rabin volt, wayar at, wadda ke haɗa negatif da jikin injin, ta ci tsatsa, kuma ita kaɗai tana iya jawo lambobi barkatai.

Galibin na kasuwa kwaikwayo ne. Masu rubutun v2.1 sun fi yawan ƙin haɗuwa da tsofaffin motoci, na fi natsuwa da v1.5. Ba ta cika karanta ABS da jakar iska ba, kuma mai iPhone ya nemi ta Wi-Fi ko BLE (Bluetooth mai ƙarancin cin wuta). A cire ta bayan aiki, saboda baki na 16 na soket ɗin yana da wuta ko da mota na kashe, tana tsotsar batir a hankali. Kafin a goge lamba a ɗauki hoton bayanan da suka zo da ita, don suna tafiya tare. In kuma fitilar injin ƙyaftawa take yi, ba tsayawa cak ba, a faka motar: ɗanyen fetur ne ke gangarawa salansa yana ƙona indomi, matatar hayaƙin da ke cikinsa.