Durham a ƙarshen Fabrairu: sanyin ya cancanci a jure shi

Durham, wanda mutanen wurin ke furtawa "Daram", ƙaramin birni ne a arewa maso gabashin Ingila. Kogin Wear ya naɗe wani tudu ta ɓangare uku, a kan tudun kuma aka kafa babbar majami'a da tsohuwar fada. Tun 1986 UNESCO ta sa su biyun cikin wuraren tarihi na duniya. A ganina, wanda ginin ne ya kawo shi, ba yawon shan iska ba, ƙarshen Fabrairu ya fi masa bazara, muddin ya tsara yininsa bisa rana da iska. Wanda bai yi haka ba zai dawo yana cewa wurin ba komai sai laka da duhu.

Zuwa ba wuya. Jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan yana kai mutum cikin kusan awa uku, daga Newcastle kuwa bai wuce minti goma sha biyar ba. A sayi tikiti tun da makonni, domin na ranar tafiya yana da tsada sosai. A duba kuma ko akwai gyaran layin dogo, musamman Asabar da Lahadi; in akwai, za a sauke ku a zuba ku a bas, tafiyar ta ƙara tsawo. Mai tahowa daga Landan ya nemi kujerar taga ta hannun dama. Dab da tasha jirgin zai hau wata doguwar gada, sai ga majami'ar da fadar sun bayyana a kan tudu gaba ɗaya. Daga tasha zuwa can tafiyar ƙafa ce ta minti goma sha biyar zuwa ashirin, gangara sannan hawa. Akwai ƙaramar bas da ke kai mutane har filin da ke gaban majami'ar, ita ta fi dacewa da dattawa. Kada a shiga da mota: titin da ke hawa tudun ƙunci gare shi, ana cajin kuɗin shigarsa tun 2002, kuma babu wurin ajiye ta a sama.

Sanyin wurin ba irin na hunturunmu ba ne mai busar da leɓe. Wannan mai laima ne, yana ratsa tufa. Da rana ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 6 zuwa 8, da dare ya kusanci sifili. Kauri ɗaya ba ya maganinsa. A sa riga ta ciki mai kama jiki, a ɗora suwaita, a rufe da kwat mai tare ruwa da iska, a haɗa da safar hannu da hular da ke rufe kunne. Lema ba ta da amfani a kan gadoji, iska ce ke juya ta. Takalmi shi ne abin da aka fi yin kuskure a kansa. Titunan tudun duwatsu aka jera, in sun jiƙe santsi suke yi, mai sulɓin ƙasa sai ya zame. A zo da mai roba mai tsagi. Kada kuma a yi tsammanin samun ɗumi a cikin majami'ar. Dutse ne da ya sha sanyin wata huɗu, kwat a jiki za a zaga.

Majami'ar ita ce komai a wannan tafiya. An fara gininta a 1093, aka kammala babban zauren cikin shekara arba'in, wajen 1133. Da shiga abin da ke tare ido shi ne ginshiƙan: kowanne kaurinsa ya isa mutum huɗu su haɗa hannu kafin su zagaye shi, an kuma sassaƙa musu zane mai zurfi, wani zikzak, wani kamar raga, wani a murɗe. A ɗaga kai a dubi rufin. Dutse ne, an ɗora shi a kan bakuna masu gicciye juna da ke kai nauyin zuwa kan ginshiƙai, kuma yana cikin na farko-farko a Turai da aka yi wa zaure mai wannan faɗi. A nan lokacin sanyi ke biya. Rana ba ta hawa sama sosai, haskenta yana shigowa a kwance ta tagogin kudu, ya bi jikin sassaƙar ya fito da kowane tsagi da inuwarsa. Ga shi babu cunkoso, mutum zai tsaya a tsakiya minti goma ba wanda ya ture shi. Sai dai a kauce wa makon hutun 'yan makaranta na tsakiyar Fabrairu.

A gabas, bayan babban bagade, akwai kabarin Cuthbert, waliyyin Kiristocin arewacin Ingila da ya rasu a 687, wanda don shi aka gina wurin. A yamma akwai na Bede, malamin da ya rubuta tarihin Ingila, ya rasu a 735. A duba ƙasa kusa da ƙofar yamma, za a ga layin baƙin dutse da ya ratsa daɓen. A da mata ba sa ƙetare shi. Akwai kuma abin da bai kamata a wuce shi da sauri ba. A 1650, bayan yaƙin Dunbar tsakanin Ingila da Sikotlan, an kulle fursunonin Sikotlan kimanin dubu uku a cikin wannan gini. Sanyi da yunwa suka sa suka ƙona kayan katakon ciki don jin ɗumi, da yawa suka mutu a nan, a 2013 aka tono ƙasusuwan wasunsu a kusa. Wanda ya tsaya a zauren a Fabrairu yatsunsa na daskarewa zai fahimci labarin fiye da mai zuwa a Yuli.

Shiga majami'ar ba a tilasta biya, gudummawa ake roƙo, kuma ya dace a bayar. Hasumiya da gidan kayan tarihi su ne masu tikiti. Gidan tarihin ya ci kuɗinsa: akwai ragowar akwatin gawar Cuthbert na katako da aka yi a 698, da ɗan gicciyen zinariya da aka samu a jikinsa, da ainihin zoben tagulla na ƙofar arewa, wanda a da mai laifi kan kama ya sami mafaka ta kwana 37. Wanda ke jikin ƙofar yanzu kwafi ne.

Hasumiyar tsakiya matakala 325 ce, tsayinta kusan mita 66. Matakalar a murɗe take, tana ƙara ƙunci can sama, babu lif, kuma ba a barin ƙananan yara. Ana rufe ta in iska ta yi ƙarfi ko ƙanƙara ta kama rufin, wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wannan lokaci. Saboda haka in an wayi gari sama garau, a fara da ita, kada a ce sai an jima. In hazo ya rufe gari a bar kuɗin a aljihu, ba abin da za a gani. Mai ciwon gwiwa ko na zuciya ya haƙura.

Fadar ce ta ɗan ba ni takaici. An fara ta a 1072, amma yau ɗaliban Jami'ar Durham ne ke kwana a ciki, don haka ba a shiga sai da ɗan jagora, a awanni ƙalilan, kuma Fabrairu tsakiyar zangon karatu ne. Guraben kan cika, wani lokaci a soke zagayen saboda wani taro. A kama gurbi ta intanet kafin a zo. Wanda bai samu ba bai yi babbar asara ba.

Bakin kogi a bar shi sai bayan azahar. Hasumiyoyin majami'ar biyu na gaba yamma suke fuskanta, da safe suna cikin inuwa, hoto sai ya fito baƙi. Wajen ƙarfe uku a sauka ta gadar Prebends, a ƙetare, a bi gaɓar yamma zuwa gadar Framwellgate. Daga nan ake ganin majami'ar tsaye a kan tudu sama da tsohon gidan injin ruwa, kuma tunda bishiyoyi sun zubar da ganye babu abin da ke kare ta, dutsen ya yi ja-ja a hasken yamma. Hanyar laka ce, in an kwana ana ruwa kogin kan hau kanta, a lokacin kada a gwada. Kwale-kwalen haya ba sa aiki sai bazara. Rana tana faɗuwa wajen biyar da rabi, hanyar kuma ba ta da wadatattun fitilu, a tabbata an hau sama kafin nan.

Yini ɗaya cikakke ya isa, kwana ɗaya ya fi kwanciyar hankali. Galibin ranaku ana addu'ar maraice da mawaƙan majami'ar ke rerawa, tana ɗaukar kusan minti arba'in da biyar. Ibada ce, ba a ɗaukar hoto, ba a yawo. Mai so ya zauna shiru, wanda ba ya so ya kammala zagayensa kafin biyar, domin ana fara tare ɓangaren gabas tun kafin a soma. Kantuna da wuraren shan shayi ma kusan lokacin suke rufewa, a ci abinci mai zafi tun da rana a kasuwar cikin gari da ke ƙasan tudun.