Tukunyar haɗa giya ta lantarki: kafin ka biya kuɗi, ka duba inda famfonta yake

Masu tallar waɗannan tukwane waƙarsu ɗaya ce: a tukunya guda za ka jiƙa tsiron sha'ir, ka tace, ka tafasa, ka sanyaya, ba murhu ba tukunyar gas. Kuma gaskiya suke faɗa. Abin da suke tsallakewa shi ne, duk na'urar da ta haɗa hita da famfo da ruwa mai danƙo a wuri ɗaya, ko ba jima ko ba daɗe sai ta tsaya maka ana tsakiyar aiki. Ranar da hakan ta faru, kyan allonta da manhajar wayarta ba za su fisshe ka ba. Abin da zai fisshe ka shi ne ko hannunka zai iya kaiwa ga wurin da ya lalace alhali lita 25 na ruwa mai zafi na cikinta. Da wannan ma'aunin nake auna su duka.

Tsarinsu kusan iri ɗaya ne. Akwai doguwar tukunya ta ƙarfe marar tsatsa, hita a ɓoye ƙarƙashin gindinta, sai kwandon ƙarfe mai rariya da ake zuba tsiron a ciki. Famfo yana jan ruwa daga ƙasa ya zuba a saman hatsin, ruwan ya ratsa ya koma ƙasa, haka har awa guda a zafin digiri 65 zuwa 67, inda sitacin hatsin ke juyewa ya zama sukari. Daga nan a ɗaga kwandon ya tsane, a tafasa ruwan da furen hops, wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi, a sauko da zafinsa zuwa wajen digiri 18 ko 20, a zuba yis. Braumeister ta kamfanin Speidel na Jamus ita ce ta fita daban, don nata famfon daga ƙasa yake tura ruwan sama ta cikin hatsin. Aiki ne mai kyau, amma tsadarta ta sa ba zan ɓata lokaci a kanta ba.

Wadda na fi so ita ce Anvil Foundry mai galan 10.5, wato kusan lita 40, wadda ta fito daga gidan Blichmann Engineering da ke Lafayette a jihar Indiana ta Amurka. Dalilina na farko wasu ma aibi suke ɗaukarsa: famfonta a waje yake. Kana ganinsa a ajiye gefen tukunyar, tiyo ɗaya ya shiga, ɗaya ya fita. In ya toshe, ka rufe bawul, ka cire tiyo, ka kwance kansa, ka fitar da ɓawon hatsin da ya maƙale a farfelar, ka mayar. Jiƙon yana nan da zafinsa bai san abin da ake ciki ba. In kuma famfon ya mutu gaba ɗaya, kowane ƙaramin famfo da aka yi don ruwan abinci mai zafi zai maye gurbinsa. Wannan yana da amfani musamman ga wanda ke ƙasar da wutarta volt 230 ce, domin famfon da ake haɗowa da ita don wutar Amurka aka yi shi.

Na taɓa riƙe wata tukunya marar suna, irin waɗanda ake liƙa wa tambari daban-daban, wadda famfonta ke binne a ƙasa bayan farantin da aka ɗaure da ƙusoshi masu laushin kai. Ranar da ya toshe, babu yadda za a kai gare shi sai an kwashe ruwan kaf an kifa tukunyar. Tun daga lokacin, in ana nuna mini tukunya, gindinta nake fara leƙawa.

Dalili na biyu shi ne wuta. Foundry tana da makunnin da ke sauya ta tsakanin volt 120 da 240. A kan 120 tana ba da wat 1600, a kan 240 kuma wat 2800. Lissafin a fili yake: ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin kusan kilojul 4.2. Lita 25 daga digiri 20 zuwa 67 zai ɗauki wajen minti 51 a kan wat 1600, amma minti 29 kacal a kan wat 2800. Daga 67 zuwa tafasa kuma, minti 36 ne da minti 21. Wannan fa ba a cire zafin da ke tserewa ta jikin tukunyar ba, don haka a aikace ya fi haka. A nan bangonta mai ruɓi biyu ke taimakawa, yana riƙe zafi, kuma ba ya ƙona maka hannu da sauri in ka goga. Ana kuma iya rage ƙarfin hitar da kashi cikin ɗari, abin da zan dawo kansa, don shi ne maganin ƙanzo.

Tana da nata rauni. Tiyonta na waje yana sa wurin aiki ya zama kaca-kaca, kwandonta kilo 7 da 'yan kai na hatsi yake ɗauka, kuma babu wata manhaja da za ta kira ka a waya. Ni dai ban taɓa kewar manhaja ba.

BrewZilla ta kamfanin KegLand na Ostireliya ce ta biyu a wajena, kuma in Foundry ba ta samuwa inda kake, ita za ka nema. Da can Robobrew ake kiranta. Mai lita 35 samfuri na 3 tana da hita biyu, wat 1900 da wat 500, kowanne da makunninsa, don haka kana iya barin ƙaramin kaɗai lokacin jiƙo. Samfuri na 4 kuwa ta zo da allon RAPT mai haɗuwa da intanet da magudana a tsakiyar gindi, wadda ke sa a tatse ruwan kusan kaf. Famfonta a ciki yake, wannan kam rauni ne, amma kayan gyaranta suna da yawa a kasuwa, ga shi mutane da dama sun riga sun buɗe ta sun nuna yadda ake yi. Grainfather G30 ta New Zealand tana da kyakkyawar na'urar sanyayawa mai bututu cikin bututu, sai dai ba ka ganin cikin bututun balle ka tabbatar ya wanku, ga kuɗin manhaja da ka biya cikin farashin. Mash & Boil ta Brewer's Edge kuwa, wat 1600 ne, ka tanadi haƙuri.

Kada girman da aka rubuta ya ruɗe ka. Lita 35 na nufin har baki. Abin da za ka samu a ƙarshe bai wuce lita 20 zuwa 23 ba, saboda hatsi yana shanye kusan lita ɗaya a kowane kilo, tafasa tana cin nata, kumfa kuma tana buƙatar sarari.

Matsalolin da za ka haɗu da su kusan guda uku ne suke ta maimaituwa, kuma biyun farko asalinsu ɗaya: garin da ke cikin niƙan. In aka niƙa tsiro ya yi laushi sosai, ko aka sa alkama ko hatsin ots da yawa, jiƙon sai ya danƙare, ruwa ya taru a sama ya kasa ratsawa. Famfo kuwa yana ci gaba da ja daga ƙasa har gindin ya bushe. Hita ya yi zafi babu ruwa, makunnin kariya ya yanke wuta, allo ya mutu ko ya nuna lambar kuskure. Mutum sai ya ɗauka tukunyar ta ƙone, alhali kare kanta ta yi. A wasu, kamar G30, akwai ɗan maɓalli a ƙasan gindi da ake dannawa bayan ta huce, wasu kuma da kansu suke dawowa. Maganin tun daga niƙa yake: a buɗe tazarar injin zuwa wajen milimita 1.2, ɓawon ya fashe amma kada ya zama gari. A zuba ɓuntun shinkafa tafi biyu ko uku cikin hatsin, ba ya ƙara ɗanɗano, hanya kawai yake buɗe wa ruwa. Bayan an zuba hatsi a bar shi minti 10 ya sha ruwa kafin a kunna famfo, sannan a buɗe bawul kaɗan-kaɗan. Kullum ta wajen fita ake rage gudun famfo. In ka matse tiyon shiga, iska zai riƙa ja, kuma irin waɗannan famfunan masu maganaɗisu ba sa jure gudu a bushe.

Ƙanzo shi ne na biyu. Garin da ya ratsa rariya yana kwanciya daidai kan wurin da hita yake, ya kama, ya yi baƙi, giyar ta fito da ɗanɗanon toka wanda babu abin da ke cire shi. Lokacin jiƙo ka rage wuta zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Bayan ka ɗaga kwando, ka bi gindin da doguwar muciya ka kankare kafin ka ƙure wuta. In za ka ƙara sukari ko ruwan tsiro mai kauri, ka kashe hita tukuna har ya narke.

Na uku ma'aunin zafi ne. Yana ƙasa kusa da hita, don haka abin da allo ke nunawa ba lallai ya zama zafin tsakiyar hatsi ba, bambancin digiri 2 ko 3 ba abin mamaki ba ne. Ka samu ma'aunin hannu mai dogon tsinke ka riƙa cakawa. Ka gwada shi a ruwan ƙanƙara, ya kamata ya nuna 0. In a tafasasshen ruwa za ka gwada, ka tuna duk hawan mita 300 sama da teku yana rage wurin tafasa da kusan digiri ɗaya, kada ka je kana gyara abin da bai lalace ba.

Gyare-gyaren da suka cancanci kuɗi ba su da yawa. Rigar riƙe zafi ga tukunya mai bango ɗaya tana sa tafasa ta yi ƙarfi. Kwandon rariya na hops yana hana famfo shaƙewa. Igiya da 'yar taya a rataye sama don ɗaga kwando tana ceton baya, don kilo 6 na hatsi in ya jiƙe, ga ruwan da bai tsane ba, ya wuce abin da za ka ɗaga kana sunkuye kan tururi. Abin da ba za ka yi ba shi ne rufe murfi ruf don tafasa ta yi sauri. Akwai wani sinadari da ake kira DMS wanda tururi ke fitar da shi, in ya koma ciki giyar sai ta riƙa warin dafaffiyar masara. Haka nan kada wani ya ba ka shawarar tsallake makunnin kariya don yana yawan yanke wuta. Shi kaɗai ne tsakaninka da gobara.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Tukwanen jabu sun cika shafukan ciniki na intanet, hoto iri ɗaya, suna daban-daban. Daga waje ba za ka bambance su da na ƙwarai ba, sharrin a ciki yake. Na farko waya. Wat 2800 a kan volt 240 yana jan kusan amfiya 12, wat 1600 a kan 120 ya haura 13, kuma awa biyu ko uku ake ja ba tsayawa. 'Yan jabu suna sa siririyar waya, wani lokaci alminiyam ce da aka shafa wa jan ƙarfe. In ka kankare bakinta da wuƙa ka ga fari a ciki, ka san abin da ka saya. A tukunyar nan marar suna da na ambata, mahaɗin wayar hita ya narke ya yi baƙi, robar da ke jikinsa ta dunƙule, warinta ne ya fara sanar da ni. Don haka bayan minti 20 da kunnawa ka taɓa filogi. Ɗumi kaɗan ba komai, amma in ba ka iya riƙe shi, ka kashe. Ka tabbata wayar ƙasa a haɗe take da jikin tukunyar da gaske, don akwai masu filogi mai ƙafa uku alhali ta ukun ado ce. Kuma ko tukunyar ta wace ce, a soket mai na'urar yanke wuta in ta zurare za a jona ta, wadda ake kira RCD a Turai, GFCI a Amurka. Ruwa da ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu ne aikin gaba ɗaya.

Na biyu ƙarfen. Ƙarfe marar tsatsa iri-iri ne, kowanne da lambarsa: za su rubuta 304, wato mai kyau, su aiko maka da 201, wanda sinadarin nikel ɗinsa kaɗan ne, bayan 'yan watanni ɗigon tsatsa ya fito a layin walda. Gwajin maganaɗisu da ake yayatawa ba ya raba su, domin dukansu ba sa kama shi sosai. Amma a yi adalci: ko 304 na gaske in ka wanke shi da bilic ko ka goge da soson ƙarfe, zai yi ramuka ya yi tsatsa, wannan ba laifin mai sayarwa ba ne. Na uku tiyo. Na silikon yana jure tafasasshen ruwa, amma akwai masu sa robar PVC su kira ta silikon, ita kuwa da ta ji zafi sai ta yi laushi ta lanƙwashe, ta bar wari a cikin ruwan.

Sai kuma shafukan damfara zalla, masu ɗauko hoton Grainfather ko BrewZilla su ce ragin rufe shago suke yi, rabin kuɗi ko ƙasa da haka, a biya ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi. Cinikin biri a sama ke nan. Ka shiga shafin kamfanin da kansa ka ga ko mai sayarwar yana cikin jerin dillalansa. Yabon da ke ƙarƙashin kaya ma a yi hattara da shi, wanda duk aka rubuta cikin mako ɗaya da kalmomi masu kama da juna saye aka yi. Ka gangara wajen masu ƙorafi, ka ga me ya lalace musu da kuma ko an amsa musu.

Gwajin da na fi yarda da shi kyauta ne. Kafin ka biya, ka rubuta wa mai sayarwa ka ce kana son sayen famfo, da allon sarrafawa, da ma'aunin zafi, da zoben roba na bawul, kowanne shi kaɗai. Dillalin kirki zai turo maka lambar kowane kaya da ranar da zai iso. Ɗan jabu zai ce kada ka damu, tukunyar ba ta lalacewa, akwai garanti. Ka tambaye shi wa zai biya kuɗin mayar da ita in ta lalace, kuma wace ƙasa za a aika ta.