Sharhina kan wurin horar da kare da na kai Barsu a Jidda

Jama'a da yawa a cikin 'yan uwanmu da ke gadin mazra'a (gona) da istiraha (gidan hutawa) nan wajen Jidda suna tambayata wai kuɗin da ake biya a horar da kare yana amfani ko asara ce, to bari in faɗi abin da na gani da idona. Ni tumaki nake kula da su a wata gona wajen Usfan, karyar da muke da ita irin Malinuwa ce, asalinsu ƙasar Beljiyam, sunanta Barsu. Irin nan ba sa gajiya wallahi, in ba ka ba su aiki ba su za su nemo wa kansu, ita aikin da ta samo shi ne korar 'yan raguna da cafke rigar duk wanda ya shigo da ruwa ko abincin dabbobi.

Wurin yana da tsari biyu, ko ka bar musu karen ya kwana can su horar maka, ko ka riƙa zuwa da shi ana koya muku tare. Na biyun na ɗauka kuma shi nake ba kowa shawara, don na ga waɗanda suka bar nasu, kare yana bin umarnin kaftin (haka ake kiran mai horarwa nan) tsaf amma mai shi na magana yana kallon gefe kamar ba da shi ake ba. Kafin su karɓe ta sai da suka duba katin allurar rigakafin haukan kare, wannan ya kwantar min da hankali sosai.

Abin da ya fi burge ni haƙurin kaftin ɗin. Ba duka, ba tsawa. Guntun nama busasshe a aljihu da wata ƙwallo mai igiya, da kare ya yi daidai a take ake ba shi lada, ya ce in ka jinkirta ko kaɗan karen bai san me ka saka masa a kai ba. Hannuna ya fi gyarawa a kan karyar ma, "ya akhi saki igiyar, kafaɗarka ce ke ja mata", haka yake ta faɗa min har na daina ɗaure jiki.

Da aka gama sai suka shirya mana 'yar gasar biyayya tsakaninmu, da dare bayan isha saboda zafi, ai kun san Jidda da rana ƙasa tana ƙona tafin kare. Tsarin makin na ƙungiyar masu karnuka ta Amurka suka aro, maki 200 ne gaba ɗaya, sai ka samu 170 ka ci, kuma kowane sashe dole ka wuce rabin makinsa. Ba a shiga fili da nama ko ƙwallo. Kare zai bi gefen ƙafarka ta hagu da igiya, ku zaga siffar lamba 8, sannan a cire igiyar a sake, sai ya tsaya cak alƙali ya shafa kansa da bayansa bai motsa ba, sai kira daga nesa, sai zama da kwanciya cikin sauran karnuka. Umarni sau ɗaya ake bayarwa, ka maimaita an rage maka. Wajen shafawar nan ne gabana ya faɗi don na san halinta da baƙo, na ga kunnenta ya kwanta wutsiya ta sandare, idonta na kaina, amma ba ta ɗaga ƙafa ba har mutumin ya janye hannu. Mun haye da ƙyar, wajen tafiya ba igiya ta riƙa wuce ni aka yanke mana maki da dama.

Inda ban ji daɗi ba, suna yawan tallata abincin kare na buhu da suke sayarwa mai tsada kamar in ba shi ba horon ba zai kama ba, kuma wani yaron wurin yana saurin ɗauko abin wuya mai lantarki ga karnukan da ake bar musu, ni ban yarda a sa wa tawa ba. Kuɗin horon ma ba kaɗan ba ne ga mai albashi irin namu, gara ka yi magana da kafil (maigidan da kake aiki a ƙarƙashinsa) ya biya tunda dukiyarsa ake tsarewa.

Masu cewa Musulmi me ya haɗa shi da wannan, ai karen kiwo da na gona da na farauta shari'a ta yarda da su, aya ta 4 a Ma'ida ma maganar karnukan da aka koya wa farauta take. Mu da muka taso a mazhabar Malikiyya ba mu ɗauki jikin kare najasa ba, mutanen nan kuma galibi Hambaliyya ne suna ɗauka, don haka ina da kaya daban na horo kuma ba na kusantar da ita inda ake salla.

Yanzu in mai tankar ruwa ya shigo kalma ɗaya nake faɗa ta kwanta har ya sauke ya fita. Wanda zai je ya nemi lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ya tambaya tun farko ko shi da kansa zai riƙe igiyar.