RTX 3060 ko RX 6600: wanne ya dace da aikinka a Kano?

Katunan hoton nan biyu (graphics card, ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto da bidiyo) sun fito a 2021, kowanne a kan dala 329. RTX 3060 na Nvidia yana da ƙwaƙwalwa 12GB da hanyar wucewar bayanai mai faɗin bit 192. RX 6600 na AMD kuwa 8GB ne da bit 128.

A wasannin 1080p tazararsu ba ta taka kara ta karya ba. Amma ga mai tace finafinai da Premiere Pro ko DaVinci Resolve, ko mai zane a Blender, 3060 ne gaba: CUDA da NVENC, fasahohin Nvidia na hanzarta lissafi da sarrafa bidiyo, suna rage lokacin fitar da bidiyo, kuma 12GB ɗin ba ya saurin cika idan an ɗora 4K. A kula, akwai 3060 mai 8GB da bit 128. Sunan ɗaya ne, ƙarfin bai kai ba.

Wajen wuta 6600 ya fi sauƙi, wat 132 yake ja, 3060 kuma 170. Mai aiki da inbata ko sola zai ga bambancin a batirinsa, haka nan a zafin Afrilu. Sai dai layukan PCIe (mahaɗin katin da kwamfuta) takwas kacal 6600 yake amfani da su, don haka tsohon babban allon kwamfuta (motherboard) mai PCIe 3.0 yana ɗan rage masa gudu.

In na hannu za ka saya a Farm Centre ko titin Beirut, buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka tabbatar da ƙwaƙwalwar, ka kunna FurMark, manhajar gwada juriyar kati, na minti 15. In zafi ya haura digiri 85 ko hoto ya fara tsagewa, ƙura ta toshe fanka, man da ke ɗauke zafin katin (thermal paste) ya bushe, ko an gajiyar da katin wajen haƙar kirifto.